Kifin Baba da Ƙanƙarar Inna

Mahaifina masunci ne, mutumin Garu. A bakin gulbi aka haife shi, a nan ya yi shekara fiye da hamsin yana jefa taru. Ranar da ɓarin jikinsa na dama ya shanye, a cikin jirgi abin ya same shi, ƙaninsa ne ya tuƙo shi zuwa gaci. Da aka sallame shi daga asibiti na ce ba zai koma ƙauye ba, a gidana zai zauna a Malanbil, kusa da likita. Ni ce babbar 'yarsa, kuma a gidanmu an san halina: in na yanke magana, ba mai son ya ja da ni. Inna, mahaifiyata, ta ɗaure kayanta ta biyo shi.

Inna ba ta iya zama hannu sake ba. Kwana uku da zuwanta ta karɓe firigon da nake yin ƙanƙara a ciki, ta mai da shi sana'arta. Tun safe tana ƙulla ruwa a leda, tana jerawa, tana fitarwa, tana faɗa da masu saye a ƙofar gida. Baba kuwa yana ɗaki, fuskarsa ga bango. Bakinsa ya karkace, magana tana fita da ƙyar, shi kuma mutum ne mai jin kunyar a ga kasawarsa, don haka ya daina maganar gaba ɗaya. Loma biyu yake yi ya ture kwano. Na kai shi bakin gada sau ɗaya don ya ga ruwa, ya duba, ya rufe ido, ya ce a mai da shi gida. Ban sake ba.

Albasa nake kaiwa Kwatano. A wata tafiya na wuce ta gaban shagon wani mutum mai sayar da kifin ado, irin wanda ake sawa a akwatin gilashi don kallo kawai. Dariya na fara yi. A wajenmu kifi na tukunya ne. Amma na tsaya, saboda wasu ƙanana da na gani a ƙasan ruwan, tsawon yatsa, launin lemo da baƙaƙen zane uku, suna da gashin baki kamar tarwaɗa, suna cusa hanci cikin yashi, suna hawa kan juna. Mai shagon ya ce sunansu losh, daga wata ƙasa mai nisa ake kawo su, kuma ba sa son zaman kaɗaici, sai a garke. Na sayi biyar, da akwatin, da 'yar na'urar da ke hura iska a ruwa. A cinyata na riƙe ledarsu tun daga Kwatano har gida, mutanen mota suna yi mini kallon wadda ta zautu.

Muka ajiye akwatin a kan tebur, daidai inda idon Baba zai faɗa in ya juyo daga bango. Kwana biyu bai juyo ba. A na uku na shiga da kunu, na tarar da ɗaya daga cikin kifin kwance a kan haƙarƙarinsa a ƙasan akwatin, ba motsi. Na ce shi ke nan, asara ta fara. Na naɗe hannun riga zan tsamo shi, sai na ji murya a bayana.

"Kak ki taɓa."

Na waiga. Baba ne, ya juyo, ya kafa wa akwatin ido.

"Dubi kunne nai," in ji shi, kalma ɗaya bayan ɗaya. Murfin nan na gefen kan kifi, inda yake numfashi, shi Baba ke kira kunne. Na duba, sai na ga yana buɗewa yana rufewa a hankali. "Kwana shika yi. Kihin ga maƙaryaci na."

Ko minti ɗaya ba a yi ba kifin ya miƙe ya ci gaba da tonon yashi. Baba ya yi wani sauti a maƙogwaro, wanda sai daga baya na gane dariya ce. Ranar ya shanye kunun duka.

Daga nan kifin suka zama aikinsa. Shi ke ba su abinci da hannunsa na hagu, ni ina riƙe masa gwangwanin. Ya gano cewa in suna ci suna yin wani ɗan ƙara, ƙas-ƙas, sai an yi shiru ake ji, don haka lokacin cinsu ba mai tari a ɗakin. Ya san wanda ke gaba a cikinsu, da wanda ake ƙwace wa abinci, da maƙaryacin nan mai kwanciyar gawa. Ƙaninsa ya zo gaisuwa daga Garu, ya leƙa akwatin ya ce su biyar ɗin ko miyar mutum ɗaya ba za su yi ba. Baba ya ce masa ya matsa, yana tare masu haske.

Haka muka yi wata huɗu. Sai bazara ta shigo, azumi ya zo a tsakiyarta. Wanda bai yi bazara a Malanbil ba, ba zan iya kwatanta masa ba. Kwanon ɗaki yana ƙara don zafi, tabarma tana ƙona baya. Inna tana azumi, tana kuma tsaye a kan ƙanƙara tun hantsi, don a watan nan kowa ita yake nema. Ni ina kasuwa daga safe sai dab da shan ruwa.

Baba ne ya fara gani. Wata safiya ya kira ni da hannu ya ce, "Suna susa." Na duba ban ga komai ba. Ya ce in zauna. Na zauna ina ƙunƙuni, don motar albasa tana jirana. Can sai ɗaya ya zabura, ya goga gefensa a jikin dutsen da ke cikin akwatin, ya dawo ya sake. Wani ma ya yi. Baba ya ce kunnensu yana bugawa da sauri fiye da jiya, kuma sun naɗe fiffikensu a jiki. Na ce zafi ne, kowa ma a galabaice yake. Na fita.

Bayan kwana uku abin ya fito fili. Farare-fararen ɗigo a jikinsu, a wutsiya, a fiffike, kamar an barbaɗa masu gishiri. Launin lemon nan ya koɗe. Suka daina tonon yashi, suka taru a kusa da inda iska ke fitowa. Baba ya zuba abinci, abincin ya nutse ya zauna a ƙasa, ba wanda ya kula. Da aka kawo masa nasa, ya dubi kwanon, ya tura shi gefe.

A nan tsorona ya fara. Likita ya ce magungunansa ba a shan su da ciki wayam, kuma shi ba mai azumi ba ne, an ɗauke masa. Na roƙe shi, na yi faɗa, na ce masa ba a taɓa jin mutum ya ƙi tuwo don kifi ba. Ya ce ba ya jin yunwa. Ba taurin kai yake yi ba, na san fuskar taurin kansa. Fuskar nan ta watannin farko ce ta dawo, wadda ke kallon bango.

Na ɗauki hotonsu da waya na aika wa mai shagon Kwatano. Ya kira ni nan take. Ya ce ciwon farin ɗigo ne, wata ƙwayar cuta ce da ke shiga ƙarƙashin fatar kifi, ta ci ta ƙoshi, ta faɗo ƙasan akwati ta hayayyafa, 'ya'yanta su sake hawa jikin kifin. Ya ce irin waɗannan kifin sun fi kowane saurin kamuwa, don fatarsu kusan tsirara take, ba ta da ɓawon kirki. Ya tambaye ni ko na sa sabon kifi. Na ce a'a. Ko na sa ruwan gulbi? A'a, na famfo ne, wanda ya kwana a roba kamar yadda ya koya mini. Sai ya ce, "To ruwan ya yi sanyi farat ɗaya? Cutar takan ɓuya a jikinsu, sanyi ne ke ba ta ƙofa." Na yi dariyar takaici. Na ce masa a Malanbil nake, a watan da ko randa ba ta sanyi. Ya ce zai sa magani da ma'aunin zafin ruwa a motar dare.

Washegari ban iya zaman kasuwa ba. Na karɓi saƙon a tasha, na dawo gida da la'asar, lokacin da ban saba dawowa ba. Na ɗaga labulen ɗakin Baba, sai ga Inna tsaye a gaban akwatin, da ƙullin ƙanƙara babba a hannunta, tana saukar da shi cikin ruwan a hankali kamar mai kwantar da jariri.

"Inna! Mi kika yi haka?"

Ta juyo, ba alamar mai laifi a fuskarta. "Galas nika ba su, 'yar ƙanƙara. Ba ki ganin zahin ga?"

"Tun yaushe?"

"Tun da anka kama azumi. Baƙi na, ɗiyata. Daga nesa kinka ɗauko su. Wa ka barin baƙo cikin ɗaki nai ba shi ba shi ruwan sanyi?"

Na tsoma ma'aunin. Kafin ƙanƙarar ta narke rabi, jan layin ya sauko ƙasa sosai, ina kallo. Ke nan kullum ruwan yana kaiwa ƙarshen zafinsa da rana, da la'asar a jefa masa sanyi, kafin isha ya koma yadda yake. Kwana goma sha wani abu ana yi masu haka.

Abin da na faɗa wa mahaifiyata a ranar ba zan rubuta shi duka ba. Na ce ta kashe su. Na ce in wani abu ya sami Baba, ta san inda ya fito. Mace mai azumi, wadda ta hana bakinta ruwan nan ta kawo wa baƙin mijinta, ita na tsaya ina ɗaga wa murya har maƙwabta suna ji. Ta tsamo ledar, ta riƙe ta a ƙirji tana ɗiga a zanenta, ta fita. Har yau in na tuna bayanta a bakin ƙofar nan, kunya nake ji.

Da ta fita, Baba ya daɗe bai dube ni ba. Sannan ya ce, "Na sani."

"Ka san mi, Baba?"

"Na san ba shi da kyau. Gulbi ba shi sanyi farat ɗaya haka. Sannu shika yi."

"To don mi ba ka hana ta ba?"

Ya yi ta kokawa da bakinsa kafin maganar ta fito. "In ta kawo, tana zamnawa. Har shi narke."

Shekara arba'in da wani abu suna tare, shi yana ruwa tun asuba, ita tana bakin murhu tana ƙyafe abin da ya kamo, ko tana kasuwa da shi. Ban taɓa ganinsu zaune su biyu ba aiki a hannu ba. Ashe a ɗakin nan, kullum da la'asar, takan zauna a bakin gadonsa su kalli ƙanƙara tana narkewa. Ya ga cutar tana zuwa, ya kuma kasa ce wa Inna ta daina.

Maganin ruwa ne mai launin shuɗi, a 'yar kwalba. Mai shagon ya nanata mini sau uku a waya: rabin abin da aka rubuta a jikin kwalbar zan zuba, rabi kawai, don fatarsu tana shan magani fiye da ta sauran kifi. Na ce na ji. Amma da na tsaya a gaban akwatin na ga biyu suna jan numfashi da ƙyar, na waiga na ga kwanon Baba a rufe tun safe, sai zuciyata ta ce rabin magani rabin lafiya ne. Na zuba cikakke, har na ƙara ɗigo biyu.

Da gari ya waye biyu sun mutu. Na tsaya ina kallon kunnensu kamar yadda ya koya mini, ina fata ƙarya suke yi. Ba ya motsi. Wanda ake ƙwace wa abinci yana ciki. Na tsamo su da hannuna, na faɗa wa Baba abin da na yi, ban rage komai ba. Na so ya zage ni. Bai zage ni ba, cewa kawai ya yi, "Kira uwarki."

Na same ta a bayan gida tana ƙulla leda. Na durƙusa na ce, "Inna, ki gahwarta mini. Ke sanyi kinka ba su, ni nik kashe su." Ta ce in tashi, zanena yana shan ruwa. Ta wanke hannu ta biyo ni.

Mu uku muka yi jinyar ukun da suka rage. Na sake kiran Kwatano, na sha faɗan da na cancanta, mai shagon ya faɗa mini abin yi. Muka zuƙe kusan rabin ruwan da tiyo muka sa sabo, don a rage ƙarfin maganin. Daga nan kullum da safe ina bin yashin ƙasa da bakin tiyon ina zuƙe datti, domin a nan cutar ke haihuwa, in kwashe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan. Magani kuwa rabi, da sirinji nake auna shi, Baba yana kallon hannuna. Muka rufa wa akwatin zane don haske yana kashe ƙarfin maganin, muka bar gefen da ke kallon gado a buɗe. Aka ce ruwan ya zauna da ɗuminsa, kada ya hau kada ya sauka, don ɗumi yana sa cutar ta yi saurin barin jikin kifi ta fito inda magani zai same ta. Ruwa mai ɗumi kuma ba ya riƙe iska sosai, saboda haka na'urar ba ta tsayawa. Ranar da aka ɗauke kuran, wato wutar lantarki, da rana, Inna ce ta zauna da moɗa tana ɗibar ruwan akwatin tana tsiyayo shi daga sama, awa biyu, har wuta ta dawo.

Sabon ruwan da za a zuba, ita ce mai gwada shi. Ba ta karanta ma'auni, ba ta kuma yarda da shi ba. Sai ta tsoma gwiwar hannunta a robar, ta tsoma a akwatin, kamar yadda take gwada ruwan wankan jego, ta ce a ƙara wanda ya sha rana kaɗan, ko a bari ya huce. Nakan bi bayanta da ma'aunin a ɓoye. Ban taɓa kama ta da kuskure ba.

Baba shi ne likitan. Shi ke cewa yau kunne ya rage gudu, yau babban ya buɗe fiffike, yau ɗigon wutsiyar wancan ya ragu. Wata la'asar, Inna tana zaune a bakin gado, na ji ya ce mata, "Kihin da nik kashe ba shi ƙidayuwa. Ban taɓa jinyar ko guda ba sai yau." Ta ce masa ai bai makara ba. A kwanakin nan kunu kawai yake kurɓa, shi ma don ta riƙe masa kofin ne. Ya rame har zoben azurfarsa yana zamewa daga yatsa.

A kwana na shida ɗigon suka ɓace. Na ce mun gama. Mai shagon ya ce ban gama ba, abin da ido ba ya gani yana nan a cikin ruwa, in ƙara mako guda. Wannan karon na bi magana. A kwana na tara da safe Baba ya saki 'yan ƙwayoyin abinci uku. Muka yi tsit. Maƙaryacin ne ya fara fitowa daga bayan dutse, ya shinshina, ya ja da baya, ya dawo. Sai muka ji ƙas-ƙas. Baba ya saurara har suka cinye, sannan ya ce wa Inna, "Akwai sauran tuwon jiya?"

Ya yi salla da mu, ya ga damina ta faɗi. Inna ta rage sana'ar ƙanƙara, ta ce ƙafafunta sun gaji, ni kuwa na san ba ƙafa ba ce. Kullum da la'asar tana ɗakin, ba komai a hannunta.

Wata Laraba cikin damina na dawo daga kasuwa bayan azahar. Gidan shiru. Na ɗaga labule, na ga Baba kwance a kan haƙarƙarinsa na hagu, fuskarsa ga akwatin, kamar yadda yake barcin rana. Inna tana tsaye a kansa, hannuwanta a bayanta. Na nufi gadon zan taɓa kafaɗarsa, ta tare ni da hannu ɗaya.

"Kak ki taɓa," ta ce. "Dakata tukun."

Ƙirjinsa take kallo. Na tsaya a gefenta, ni ma na kafa ido a kan rigarsa, inda ya kamata ta ɗaga ta sauka. Na'urar iska tana ta aikinta, kifin uku suna tonon yashi. Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba. Ita ce ta fara sauke hannunta, ta yi salati, ta ja mayafinta ta rufe shi.

Kifin suna nan har yanzu, sun kusa tsawon tafin hannuna. Na so in kai akwatin falo bayan sadakar arba'in, Inna ta ce a bar shi inda yake, ta mai da shimfiɗarta ɗakin. Ita ke gwada masu ruwa. In maƙaryacin ya kwanta a gefensa, takan ajiye duk abin da take yi, ta matso kusa da gilashin, ba ta tashi sai ya tashi.